Ranar da igiyar ruwa ta iso Ponta Preta

Talata, garin Santa Maria, tsibirin Sal a ƙasar Cape Verde

Yau ce ranar da na zo tsibirin nan dominta. Tun daren jiya masu hasashen yanayin teku suka nuna cewa manyan igiyoyin ruwa suna tafe daga arewa maso yamma, kuma da na idar da sallar asuba na buɗe taga, sai na ji rugugin tekun ya bambanta da na sauran kwanaki, ya yi kauri, kuma akwai tazara mai tsawo tsakanin faɗuwar igiya ɗaya da ta bayanta. Na sha shayi a tsaye, muka ɗaure alluna da filafilai, wato kayan wasan hawan igiyar ruwa da ƙarfin iska, a bayan a-kori-kura, muka bi hanyar burji zuwa Ponta Preta, wata gaɓar teku da ke yamma da gari, tafiyar 'yan mintuna kaɗan.

Mai hawan allo da filafilai yana bukatar iska da igiya a lokaci guda, kuma a nan kowannensu da inda yake fitowa. Iskar Sal tana kaɗowa daga arewa maso gabas kusan kullum a watannin sanyi, saboda haka ba a cika rasa ta ba. Igiyar kuwa guguwar hunturu ce take haifar da ita can a arewacin tekun Atilantika, nisan dubban kilomita, sannan ta kama hanya ita kaɗai bayan guguwar ta lafa. Idan tazarar da ke tsakanin igiya da igiya ta kai daƙiƙa 15, ayarin nasu yana cin kusan kilomita 1,000 a kwana guda, wato abin da muka hau yau an ɗaga shi ne tun kwanaki da suka wuce a wani wuri mai tsananin sanyi. Mutum zai iya biyan kuɗin jirgi da na masauki ya zauna mako biyu, ya sha iska har ya gaji, ya koma gida bai ga igiya ko ɗaya mai suna igiya ba. Shi ya sa duk wanda na haɗu da shi a bakin ruwa da safen nan fuskarsa cike take da fara'a.

Sararin sama ya yi fari da hazo, irin wanda muka sani a gida lokacin hunturu. Tsibiran Cape Verde suna kimanin kilomita 570 yamma da gaɓar Senigal, kuma ƙurar Sahara tana tsallaka wannan ruwa ta rufe su, har wani lokaci ta hana jiragen sama sauka. Na daɗe ina kallon rana a dusashe, ina jin daɗin cewa ƙurar da take fasa mana leɓe a gida ita ce ta biyo iskar da za ta cika mini filafilai a nan.

Ponta Preta ba wurin koyo ba ne, kuma duk wanda ya tsaya a bakinta zai gane haka ba sai an faɗa masa ba. Igiyar tana zagayo wani tsinin ƙasa mai baƙaƙen duwatsun aman wuta, ta miƙe tsaye, sannan ta riƙa karyewa sannu a hankali zuwa kudu, kusa da duwatsun ƙwarai. Iskar tana fitowa daga tudu a kaikaice, tana bugun gaban igiyar, ita ce take gyara ta ta yi sumul, ta kuma riƙe ta tsaye na ɗan lokaci kafin ta kife. Wahalar ita ce tudun yana tare iskar a kusa da gaɓa, ta zo a yanke-yanke, don haka fita cikin teku ya fi dawowa wuya. Na ɗaura filafilai mai faɗin murabba'in mita 5, na sa rigar roba da ɗamara mai ƙugiyar da ake maƙalawa a mariƙin filafilai, na tsaya cikin ruwa iya gwiwa ina ƙirga igiyoyi. Suna zuwa ne rukuni-rukuni, sannan teku ta ɗan huta, kuma a cikin wannan hutun ne ake kutsawa. Wani saurayi ɗan garin da ke gefena ya ɗaga mini hannu cewa in dakata, sai da rukunin ƙarshe ya wuce ya yi mini alamar tafiya, muka fita tare.

Igiyar da ba zan manta ba ta zo wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Na hango ta daga nesa, ta yi duhu fiye da sauran ruwan, na juya allo na fuskanci tudu, na riƙa jan mariƙi ina saki domin in tara gudu. Da ta iso sai na ji bayan allon ya ɗaga, nauyin filafilai ya gushe daga hannuna, na cire ƙugiya na zura ƙafafu cikin maɗauri, na gangara. A ƙasa na danna gefen allo da yatsun ƙafa, na kwantar da filafilai har ya kusa taɓa ruwa, na karkata dama, sai ga bangon ruwa kore shar a tsaye gefena, tsayinsa ya kusa kai sandar filafilai, iska tana kwashe feshin da ke bakinsa tana watsawa baya. Na hau har kusa da bakin na juyo, na sake gangarawa, kuma ta cikin ruwan ina ganin duwatsu suna wucewa a ƙarƙashina. Da na ga sashen gaba zai kife gaba ɗaya, na tsallake ta baya na fice. Duk abin bai fi rabin minti ba, amma sai da na zauna a kan allo gwiwoyina suka daina rawa.

Ba kowa ne ya fita lafiya ba. Wani Bature ya makara wajen ficewa, igiya ta raba shi da kayansa, ta kai su kan duwatsu, sandar ta karye gida biyu, filafilan ya yage. Shi dai ya fito da iyo, da 'yan ƙujewa a ƙafa, kuma samarin garin ne suka sauka cikin duwatsun suka kwaso masa abin da ya rage.

Waɗannan samari su ne suka fi burge ni yau. An san Ponta Preta a duniya musamman tun da aka yi gasar ƙwararru a nan a 2007, wadda Josh Angulo ya lashe, mutumin Hawai da ya mai da Sal gida, ya kuma zama zakaran duniya na hawan igiya a 2003 da 2009. Mitu Monteiro, haifaffen tsibirin, shi ma ya zama zakaran duniya a 2008 a ɓangaren masu hawa da lemar iska, wadda ke jan su daga sama maimakon filafilai. Amma waɗanda na gani yau, da yawansu a kan tsofaffin alluna masu faci suke, kuma sun fi mu baƙi sanin inda igiya za ta miƙe da inda za ta kife, sun kuma fi mu haƙurin jira. Ina ganin wajibi ne baƙon da ya zo nan ya bar musu igiyar da suka riga shi hawa, kuma idan zai tafi da kayan da ba ya bukata, gara ya bar su a hannun wanda zai yi amfani da su.

Da la'asar iska ta ragu, muka naɗe kaya muka dawo gari. Na bi ta gadar katako da masunta suke sauke kifi, amma an riga an watse, sai yara suna tsalle cikin ruwa. Na ci kachupa, dafaffen masara da wake, na zaɓi mai kifi, sannan na wanke kayana da ɗan ruwa kaɗan, domin ruwan sha a Sal daga teku ake tace shi, ba abin ɓarnatarwa ba ne. Tafin hannuna ya yi bororo, kafaɗuna kuma sun yi tsami. Hasashe ya nuna igiyar za ta ragu gobe amma iska za ta ƙaru, saboda haka na ware ƙaramin filafilai, kuma mun shirya da direba ya zo ƙarfe bakwai.