Abin da cire seramik ya koya mini game da fenti, da kuma Oga

Shafa seramik, wato ruwan kariya da ke ƙamewa a kan fenti, a jikin mota kowa ya iya, ko ya ce ya iya. Wajen cire shi ake gane wanda ya san fenti, kuma a kan haka na bar wurin aikina. Tunda abokan sana'a sun dame ni da tambaya, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Da yawanmu ba ma tsayawa mu yi lissafin kaurin abin da muke kokawa da shi. Seramik ɗin da ke kan mota bai cika wuce maikron 1 zuwa 2 ba (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Kiliyar da ke ƙarƙashinsa, wato fenti marar launi mai sheƙi da kamfani ya fesa a kan launin mota, tana tsakanin maikron 35 zuwa 50 a yawancin motoci, fentin gaba ɗaya kuwa, daga ƙarfe har sama, wajen 100 zuwa 150 ne. Silin gashin kai guda yakan fi kiliyar kauri. Shi seramik sinadarin silika ne da ya kama jikin kiliya ya ƙame, sabulu mai ƙarfi yana iya raunana shi amma ba ya ɗauke shi kamar yadda yake ɗauke kakin goge. Idan ya riga ya bushe ya yi tauri, hanyar da ta tabbata ita ce inji da man goge mai kaushi. Soso kuma bai san inda seramik ya ƙare kiliya ta fara ba. Duk wanda ya cire seramik sai ya ci kiliya, kuma abin da aka ci ba ya dawowa. A cikinta sinadarin da ke kare launi daga hasken rana yake, shi ya sa motar da aka yi wa gugar hauka take dusashewa tun kafin lokacinta.

Motar da ta jawo rigimar baƙa ce, babba. Mai ita ya zo yana ƙorafin ruwa ya daina dunƙulewa a jikinta, bonet duk tabo, wai seramik ɗin da aka shafa masa a wani wuri ya mutu. Kafin in taɓa inji sai na keɓe rabin ƙofa, na fesa maganin da ke narkar da ƙurar ƙarfen birki, na jira ya juye ya yi jaja-jaja, na wanke, na bi da maganin tabon ruwa. Da na watsa ruwa sai ga shi yana mirginawa ƙwaya-ƙwaya kamar ranar farko. Seramik ɗin yana nan da ransa, datti da gishirin ruwa ne suka toshe shi.

Na sami Oga na ce, “Oga, wannan motar wanki take so. Zo ka gani.” Ko tashi bai yi ba. Ashe ya riga ya gaya wa mai motar za a cire tsohon a shafa sabo, har ya karɓi kuɗi. Ya ce, “Kai ni na ɗauke ka aiki ko kai ka ɗauke ni?”

To, shago nasa ne. Na ɗauko na'urar awon fenti na zagaye motar. Ko'ina yana ba ni sama da 120, sai fendar baya ta hagu ta ba ni ƙasa da 90, kusan daidai da abin da na samu a cikin bakin ƙofa, inda kamfani ke fesa kiliya mafi siranta. Ma'ana wani ya taɓa cin wurin nan da inji sosai kafin motar ta zo hannunmu. Na roƙe shi ya bar ni in yi aikin da injin nan mai karkarwa yana juyi, wanda ba ya tara zafi wuri ɗaya, in manna salatif a kan duk wani kaifi da lanƙwasa, in bi fendar da lallami. Ya ce gobe da safe motar za ta fita, in ɗauki rotari, injin da ke juyi zalla da ƙarfi, da soson ulu in daina ɓata masa lokaci.

Na yi bonet da rufi da ƙofofi da rotarin, don can akwai abin ci. Da na iso fendar na ajiye inji na ce ba zan ɗora ulu a wurin ba. Sai ya fizge injin, wai bari ya nuna mini yadda ake aiki tun kafin a haife ni. Ina tsaye a bayansa ya hau kan layin da ya biyo saman taya, ya karkata soson ya danna. Da ya ɗaga sai na ga farin ulu ya koma baƙi. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san abin da hakan ke nufi: kiliya ba ta da launi, idan soso ya ɗauko launin mota to an riga an huda ta. Wurin bai fi tsawon ɗan yatsa ba, ya yi dishi-dishi, gefensa da zobe. Babu man da ke gyara wannan, sai mai fenti.

Washegari a gaban mai motar, ina jin sa da kunnena yana cewa, “Ranka ya daɗe, yaran nan ne ba sa jin magana.” Ƙarshen wata kuma aka zare kuɗin feshin daga albashina. Waɗanda suka ga abin da idonsu suka sunkuyar da kai, ban kuma ga laifinsu ba, kowa da iyalinsa. Kuɗin bai dame ni kamar yadda mai motar ya kalle ni ba, mutumin da da an bi maganata da wanki kawai zai biya ya tafi da fentinsa lafiya.

Ga mai shigowa sana'ar, shawarata ta farko ita ce ka rubuta awon kowane ɓangare na mota, ka ɗauki hoton na'urar a jikinta, ka tura wa mai motar kafin ka kunna inji, ko da wanda ke samanka ya ce iyayi ne. Ka tuna na'urar jimillar fenti take ba ka, ba ta ware maka kiliya daban, kuma irin wadda yawancinmu ke riƙewa ba ta karanta bambar roba. Roba kuwa tana riƙe zafi fiye da ƙarfe, nan da nan take ƙonewa. In ka ga awo ya haura 200 mai yiwuwa an taɓa sake feshi ko akwai cikon bodi a ƙasa.

Sauran ƙanana ne. Ka fara da man goge mafi laushi a ɗan wuri, sai ya gaza ka hau na gaba. Kada ka yarda da gwajin ruwa sai ka goge wurin da alkohol, don maiƙon man goge ma yana sa ruwa dunƙulewa, ka yi ta cin kiliya kana zaton seramik ne ya ƙi fita. Yumɓun goge jikin mota datti yake ɗauka, ba ya cire seramik. Tabon da ke fitowa inda aka bar seramik ya yi kauri wajen shafawa, ka neme shi da tocila tun bai bushe ba, lokacin tsumma ya ishe shi. In ya kwana sai inji. Ɓangaren da za a kai feshi a cire masa seramik tas, in ba haka ba sabon fenti ba zai kama da kyau ba. Kuma 9H ɗin da ake rubutawa a jikin kwalbar seramik ma'aunin taurin fensir ne, kada ka bari a yi wa kwastoma alkawarin cewa motarsa ta fi ƙarfin makulli ko tsakuwa.

Ranar da zan tafi na tattara kayana, har da na'urar awon, don da kuɗina na saye ta. Na ji har yanzu shagon ba su sayi wata ba.