Talata a labo: beta biyar, ba wadda ta san ƴar'uwarta

Yamai, tsakiyar Maris. Ƙura ba ta gama sauka ba, zafi kuma ya riga ya iso.

Aikin farko da safe shi ne fito da bwat ɗin da aka shuka jiya, wato farantan da ake renon ƙwayoyin cuta a ciki, daga akwatin ɗumi. Guda uku ke kan abincin ƙwayoyi mai jini, ɗaya daga cikinsu ruwan baya ne na wani yaro, tun da lokacin sanƙarau muke. Ba a karanta irin wannan bwat a kan tebur. Ɗaga ta ake yi zuwa haske, a duba abin da ya sami jinin da ke kewaye da kowane tsiro. In wurin ya yi kore-kore, alfa ke nan. In ya wanke tas har kana ganin yatsanka ta ƙasa, beta. In ba abin da ya taɓa jinin, gamma. Wani masanin Amurka, James Brown, shi ya tsara sunayen da haruffan Girka a 1919, kuma na ukun yakan ba ni dariya: an raɗa wa fashewar jini suna a inda jini bai fashe ba.

Ta yaron kore ce, tsiron ƙanana, tsakiyarsu ta lotsa. Koren yana zuwa ne daga wani sinadari da ƙwayar ke fitarwa, wanda ke sauya launin hemoglobin ba tare da ya ragargaza ƙwayar jinin gaba ɗaya ba. Amma kore kaɗai bai isa a ce numokok ne ba, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau, don ƙwayoyin baki marasa illa ma haka suke yi. Sai an ɗora ɗan faifan takarda mai maganin optokin an kwana. In filin da tsiro ya kasa shiga ya kai milimita 14, to shi ne. An ɗora. An kuma ware kason ruwan da za a aika CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai. Na maimaita wa ƴan staj cewa ruwan baya da za a shuka ba ya shiga firigo, sanyi na kashe meningokok, wata ƙwayar sanƙarau, kafin a kai ga ganinsa.

Yawancin rikicin alfa da beta tun daga haɗa abincin yake farawa. Ƙa'ida jinin tunkiya ne, kashi 5 cikin ɗari, wato mililita 25 a cikin 500. Ana ɗibarsa cikin kwalba mai ƴan duwatsun gilas, a yi ta kaɗawa kamar minti goma har zaren da ke sa shi daskarewa ya manne musu. Sai abincin ya huce zuwa digiri 45 ko 50 ake zuba jinin. In da sauran zafi, jinin ya dahu ya koma ruwan ƙasa, ka sami abincin shokola ba ka nema ba, kuma ba alfa ba beta da za ka karanta a kansa. In ya huce da yawa, ya yi gudaji. Wasu wurare da jinin mutum suke yi, jakar da kwananta ya ƙare. Yana da araha, amma akwai sitrat a cikinsa, akwai garkuwar mai jinin, wani lokaci har da ragowar maganin da ya sha, sai tsiro ya yi rauni, da'irar kuma ta ƙi fita sarai. A ƙasar da tumaki ke kwana a bakin titi, ban ga uzurin ba. Sai kuma zafi: akwatin ɗumi dumamawa kawai ya iya. In ɗakin ya kai digiri 41 don an ɗauke wuta, shi ma 41 zai nuna, numokok kuwa ya narkar da kansa.

Wajen ƙarfe tara wata ƴar staj ta riƙe takardar gwajin ciki ta ce, “Malam, wannan betar ta hCG ita ce ta bwat ɗin ɗazu?” Tambayar ta dace, don yau sai da beta ta fito sau biyar a kan tebur, kuma ba wadda ta haɗa dangi da wata. Na ce mata, “Ƴata, kin yi allo?” Duk wanda ya yi ya san abajada: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu. Girkawa ma haka suka yi lissafi da nasu, alfa ɗaya, beta biyu, gamma uku, delta huɗu. Tushensu ma ɗaya ne, haruffan mutanen Finiƙiya na gaɓar Labanan ta yau, inda alif ke nufin sa, bet kuma gida, kamar baiti na Larabci. Haruffan Girka 24 ne, daga alfa zuwa omega, kuma malaman kimiyya lambar layi suka mai da su. Wanda ya ce miki beta ya ce miki “ta biyu” ne kawai. Sai ki tambaye shi ta biyun me.

A gwajin ciki, ta biyun sassan hCG ce, sinadarin da jiki ke fitarwa in an sami ciki. hCG ɓari biyu gare shi. Ɓarin alfa iri ɗaya ne da na LH da FSH da TSH, waɗanda ke jikin kowace mace ko ba ciki. Da shi za a nema, da kowa ya fito da ciki. Ɓarin beta ne nasa shi kaɗai. Tsinken fitsari yakan fara gani daga awo 25 a lita, shi ya sa fitsarin asuba ya fi, kafin a sha ruwa ya tsinke. A jini kuwa lamba ɗaya ba ta faɗin komai sosai. Ana maimaitawa bayan awa 48: cikin da ke zaune daidai a makonnin farko yakan kusan ninka lambar, wanda ya tsaya cak ko yake hawa da ƙyar sai a nemi eko da gaggawa, kar ya zama a wajen mahaifa yake.

Abin da ya ci mana safiya shi ne hemoglobin. An kawo jariri ɗan wata huɗu, iyayensa duka AS ne, uwar tana cewa ai lafiyarsa lau, ko kuka ba ya yi. Gaskiyarta. Hemoglobin ɗin babba sarƙa huɗu ce, alfa biyu, beta biyu. Ta alfa tana da ɗigo 141, ta beta 146. Cutar amosanin jini, sikila, a ɗigo na 6 na sarƙar beta take, inda valin ya zauna a kujerar glutamat. Canji ɗaya tal. Amma jariri da wata sarƙar yake zuwa duniya, gamma, ita ke riƙe wurin beta, kuma babu wannan lahani a jikinta. A hankali gamma ke ja baya beta na karɓar wuri, sai wajen wata shida a fara ganin kumburin hannu da ƙafa. Na ce mata, “Hajiya, lafiyar da kike gani aro ce daga jinin haihuwa, gwajin ne zai faɗa mana abin da ke tafe.” Maganin hidroksiyure ma da wannan dabarar yake aiki, yana sa jiki ya koma ƙera gamma.

Gwajin Emmel, wanda ake yi da ɗigon jini da metabisulfit kashi 2 a like gefen gilashin, yana nuna akwai S ne kawai. Bai raba AS da SS, kuma a jariri yakan fito babu alhali akwai. Sai elektroforez, gwajin da ke rarraba nau'o'in hemoglobin da wutar lantarki. Shi ma da tarkonsa. A ruwan gwaji mai pH 8.6, hemoglobin C, wadda ba ta da wuyar samu a yankinmu, tana tsayawa wuri ɗaya da A2, wato mai sarƙar delta. Adadin A2 ɗin ake dubawa don gane mai ɗauke da beta-talasemi, in ya haura kashi 3.5. Ƙarancin ƙarfe a jini yana iya danne shi ya ɓoye cutar. Wanda kuma aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce, jinin wani za ka karanta: SS ya fito kamar AS. Tambayar “an ƙara masa jini?” ta kamata a yi ta kafin a huda jijiya.

Bayan azahar, antibiyogram na fitsarin wata mata, wato gwajin gano maganin da ke kashe ƙwayar cutar. E. coli ce, kuma tsakanin faifan amoksisilin mai klavulanik da na seftazidim filin ya kumbura ya miƙo kamar murfin kwalba. BLSE ke nan, wato ƙwayar cutar tana ƙera sinadarin da ke lalata magungunan gidan beta-laktam da yawa. A nan beta wurin zama ce a jikin sinadari. Masu kimiyyar haɗa magunguna suna ƙirga ƙwayoyin karbon daga wani kai: na kusa alfa, mai bi masa beta. Zoben penisilin mai kusurwa huɗu a kan na biyun ya rufe, shi ne beta-laktam, kuma amoksisilin da seftiriyakzon duk gidan ne. Ƙwayar cuta ta ƙera almakashin da ke yanke zoben, beta-laktamaz; klavulanik kuma toshe almakashin yake yi, shi ya sa filin ke faɗaɗa ta ɓangarensa. Don a ga wannan sai abincin ya yi kaurin milimita 4, wato mililita 25 a bwat mai faɗin 90, ruwan ƙwayoyin ya yi kaurin 0.5 na McFarland, faifan kuma su yi nisan milimita 30 daga tsakiya zuwa tsakiya. Klavulanik ba ya jure laima da zafi. Kwalin faifan da aka buɗe da sanyinsa daga firigo yana tara raɓa, bayan ƴan kwanaki ya mutu, BLSE ta wuce ba a gan ta ba. Wannan matar ko an yi mata seftiriyakzon kwana goma, kuɗi ne za su tafi.

Irin wannan ƙirgar ce ta ba mu gamma-GT na hanta. Omega-3 kuma daga wutsiya aka ƙirgo, tun da omega ce harafin ƙarshe.

Beta ta biyar daga farmasi ta zo. Ordonans ce ta propranolol ga wani dattijo mai hawan jini, mai sayarwa kuma ya hango bututun salbutamol a aljihun rigarsa. Raymond Ahlquist ne a 1948 ya nuna adrenalin ƙofa iri biyu yake bugawa a jiki, ya kira su alfa da beta. Daga baya aka raba beta: ta ɗaya a zuciya, ta biyu a hanyoyin numfashi. Propranolol, wanda James Black ya ƙirƙiro, duka biyun yake rufewa. Salbutamol ta biyun yake buɗewa. Mai asma ya sha propranolol, ƙirji ya shaƙe, ya fesa bututunsa ya tarar an kulle ƙofar. An mai da ordonans ɗin ga wanda ya rubuta. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan magani kuma ba ya yanke shi dare ɗaya, zuciya na iya zabura. Mai ciwon suga da ke shan sa ba zai ji bugun zuciyar da ke gargaɗinsa cewa suga ya faɗi ba, sai dai zufa.

A ganina duk waɗannan ba su kai harafin “mu” haɗari ba, wato µ. Ita ba lambar layi ba ce, awo ce: kashi ɗaya cikin miliyan. A rubutun hannu na gaggawa µg da mg kamar tagwaye suke, tsakaninsu kuwa ninki 1000. Levotiroksin µg 100 shi ne mg 0.1. Digoksin µg 250 shi ne mg 0.25, kuma a yaro kuskuren sifili ɗaya ya isa. Misoprostol ƙwaya ɗaya µg 200 ce. Tsofaffin ma'aikatan reyanimasiyo suna ƙara dagula abin, don a bakinsu mikrogram “gamma” ce: “sa masa gamma biyar”, ma'ana µg 5 a kowane kilo a kowane minti. Sabon ma'aikaci ya ji gamma ya tsaya yana kallo. A rubuta “mikrogram” cikakke, biro ba zai ƙare ba.

A labo ma tana nan. Kreyatinin mg 10 a lita daidai yake da µmol 88.4, wani labo na ba da wannan, wani na ba da wancan, mai karanta 88 da idon mg sai ya ɗauka ƙoda ta tafi. Zazzaɓin cizon sauro kuma a µL ake ƙirga shi: yau an sami ƙwayoyi 350 a gaban fararen ƙwayoyin jini 200, a ninka da 8000 a raba da 200, ya ba da 14,000.

Wani ɗan staj ya kawo zancen korona. Wannan mai sauƙi ne. A watan Mayu na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma kiran nau'o'in da haruffa don a daina laƙaba wa ƙasashe: Alfa da aka fara gani a Ingila, Beta a Afirka ta Kudu, Gamma a Brazil, Delta a Indiya. Da aka zo kan Omikron a Nuwamba an tsallake nu da ksi. Wasu sunayen kuma siffa ce kawai: tsokar kafaɗa da ake yi wa allurar rigakafi deltoyid ce don ta yi kama da Δ, hanjin sigmoyid kuma don lanƙwasarsa.

Da la'asar muna jera kwalayen sirinji na nuna musu rubutun STERILE R a jikin leda. R ɗin na nufin da haske aka kashe ƙwayoyin cutar, galibi gamma daga kobalt-60. EO kuma iskar gas ce. Ernest Rutherford ne a 1899 ya ga uraniyom na fitar da haske iri biyu, ya kira wanda ba ya ratsa abu sosai alfa, mai ɗan ratsawa beta. Na ukun, wanda Paul Villard ya gano a Faransa a 1900, ya zama gamma. Takarda na tare alfa, farantin alminiyom na ƴan milimita na tare beta, gamma sai dalma mai kauri ko kankare. Sai dai alfar da takarda ke tarewa ita ce mugu in ta shiga ciki. Uraniyom ɗin da ake haƙa a Arlit tun 1971 alfa yake fitarwa, haka ma iskar radon da ke tashi daga dutsensa; fata na kare mutum daga waje, huhu ba shi da fata. Shi ya sa a ramin haƙa abin rufe hanci da iska mai zagayawa suka fi riga mai kauri amfani. Kobalt-60 kuwa rabin ƙarfinsa ke tafiya duk shekara 5 da ƴan watanni, don haka na'urar gashin kansa da ta tsufa sai ta ninka lokacin da majiyyaci ke kwance a ƙarƙashinta.

Kafin a rufe an duba akwatin ɗumi, 36. An kunna kyandir a cikin gwangwanin da bwat ɗin yaron ke ciki, an rufe, ya mutu da kansa. Gobe da safe a auna da'irar optokin da rula.