Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jirgin Ƙyalle

Makon jiya mun tsaya ne a inda muka sauka Landan a 1991, mu huɗu, za mu yi kwas na wata uku a kan injinan jirgi. Labarin kwas ɗin yana nan tafe. Yau sai na ɗan ja da baya, saboda a wannan tafiyar ce na gane na ci bashin kakana, kuma babu halin biya.

Baba Tsoho, mahaifin babana, maɗinki ne a Kasuwar Kurmi. Ɗinkin hannu yake yi, manyan riguna masu aska. In aka idar da sallar isha'i aka baje tabarma a soro, yana da wani labari da ba ya gajiya da shi: ranar da jirage uku suka sauka a filin sukuwa, yana yaro mai koyon riƙe allura. Ya ce gari ya ruɗe, wasu na salati, wasu sun ranta a na kare, shi kuwa ya kutsa ta ƙarƙashin hammatar manya har sai da ya isa inda dogarai suka tare mutane. Daga nan sai ya sassauta murya ya ce, "Jirgin nan na ƙyalle ne. Da idona na ga ɗinkin."

Muna yara mu kan tuntsire da dariya. Da na je makarantar koyon aikin jirgi ta Zariya kuwa, na fara taɓa jikin jirgi na alminiyam, sai tsokanar ta ƙaru. Kun san wasan jika da kaka. In na zo hutu sai in ce, "Tsoho, ga yadi na sayo, a ɗinka mini jirgi in je Makka." Shi kuma ya ce, "Ɗan nema, kai ka karanta, ni na gani." Ya rasu ina shekarar farko da kama aiki, muna kan wannan musun.

Wata Lahadi a Landan, sanyi ya hana abokan tafiyata fita, ni kuma zaman ɗaki ya ishe ni. Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na sauka a Colindale, na taka zuwa gidan tarihin sojan saman Ingila da ke Hendon. Ba wani abu na je nema ba. Ina zagawa ina kallon tsofaffin jiragen yaƙi, su Spitfire da Lancaster, sai na zo kan wani jirgi mai fukafukai hawa biyu, an ɗaɗɗaure su da sanduna da wayoyi, farfelarsa ta katako, kujeru biyu a buɗe ba rufi. An rubuta DH.9A.

Wani dattijon Bature mai yi wa baƙi bayani ya matso ya tambaye ni daga ina nake. Da na ce Kano, sai fuskarsa ta washe. Ya ce irin wannan jirgin ne guda uku suka tashi daga Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba 1925, wani hafsan sojan saman Ingila mai suna Arthur Coningham yana jagorantarsu, suka biyo ta Hartum da Fashir da Maiduguri, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Na ce a raina, ashe hanyar alhazanmu suka biyo, wadda mutane ke shafe watanni, wasu ma shekaru, suna takawa, su suka cinye ta a kwana shida. Wannan na gidan tarihin dai ba ya cikin ukun. Shi a yaƙin duniya na farko ya faɗa hannun Jamusawa a 1918, daga baya aka samo shi a Poland aka dawo da shi. Amma ƙira ɗaya ce: injin Liberty mai silinda 12, ƙarfin doki 400, gudun da bai cika kilomita 200 a awa ba.

Ni duk wannan ba shi ya dame ni ba. Fiffiken nake kallo. Na durƙusa daidai igiyar da aka gitta, na karkata kai yadda hasken fitila zai kwanta a kansa. Yadi ne. Yadin lilin, an ja shi a kan haƙarƙarin katako, an shafe shi da wani irin fenti da ke sa shi ya ɗame kamar fatar kalangu. A kan kowane haƙarƙari ga layin ƙulli a jere, tazara daidai wa daida, an rufe da siririn ƙyalle. Wanda bai san allura ba zai wuce bai lura ba. Yaron da ke koyon ɗinki a Kurmi kuwa, ko daga bayan dogarai ne, abin da idonsa zai fara kamawa ke nan.

Ban san hawaye ya zubo ba sai da dattijon ya dafa kafaɗata. Na ba shi labarin Baba Tsoho da Turancina na makanikai, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Na yi wa tsohon addu'a a wurin, a tsugune, Turawa na ratsa ni suna wucewa.

Da zan tafi, dattijon ya yago takarda ya rubuta mini wani wuri, Dunstable. Ya ce ranar Asabar in zo da rigar sanyi mai kauri, akwai tsofaffin jirage na katako da yadi da har yanzu ake tashi da su a can, zai sa a ɗauke ni a ɗaya. Na tambaye shi wane irin inji ne a jikinsu, tun da aikina ke nan.

Ya ce, "Babu."

Na ɗauka kunnena ne, na sake tambaya. Ya ce igiya ce ke fizgar jirgin sama, a sake shi, daga nan sai iskar da ke hawa jikin tudu ta riƙe shi, kamar yadda take riƙe shirwa. Na karɓi takardar na sa a aljihu, ina lissafin ko in rubuta wa Hajiya wasiƙa kafin Asabar ɗin.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.