Godiya ga masu binciken sankara da waɗanda suka ba da tsokar jikinsu

Alhamdulillahi. An rufe baje kolin zane-zanen da na yi a zamana da masu binciken ciwon daji, an kuma tashi lafiya. A wurin taron bakina bai faɗi rabin abin da ke raina ba, shi ya sa nake so in sauke nauyin godiya a nan.

Ga wanda bai san tsarin ba, akan ɗauko mai zane ko mai sassaƙa a ba shi kujera a ɗakin bincike na wasu watanni, ya zauna da masana, ya ga aikinsu da idonsa, sannan ya fitar da abin da ya gani ta hanyar sana'arsa. Ni an kai ni wajen masu nazarin yadda ƙwayar halitta ke rabuwa gida biyu, da yadda rabuwar nan ke ƙwacewa ta zama sankara.

Ina fara godiya da Farfesa, shugabar ɗakin. Ba ta ɗauke ni ɗan kallo ba. Ta sa aka ba ni farar riga da safar hannu, ta ce in riƙa zama a taronsu na mako-mako in tambayi duk abin da ya shige mini duhu. Ita ta tuna mini cewa zane da wannan ilimi tare suka taso: Robert Hooke da hannunsa ya zana abin da ya hango a ɓawon itace a 1665, Walther Flemming na Jamus ya zana matakan rabuwar ƙwayar halitta a 1882, zanen ƙwayoyin ƙwaƙwalwa na Santiago Ramón y Cajal kuwa har yau ana koyarwa da shi. Daga ranar na daina jin kaina baƙo. Allah ya ƙara miki daraja, ranki ya daɗe.

Sai baiwar Allahn da ke kula da ƙwayoyin halittar da ake bincike a kansu, wadda ba kasafai ake jin sunanta a taro ba. Ƙwayoyin suna zaune ne a 'yan kwalaben roba masu faɗi, cikin wani ruwa ja-ja, a akwatin ɗumi da aka tsayar a digiri 37, daidai zafin jikin mutum. Da ruwan ya fara komawa rawaya, ta san sun cinye abincinsu, sai ta canza musu. Asabar da Lahadi ba sa hana ta zuwa, tamkar mai reno. Wata safiya ta ɗora mini kwalba biyu a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu. A ta farko, ƙwayoyi masu lafiya sun shimfiɗu layi ɗaya, kowacce da ta taɓa maƙwabciyarta ta daina rabuwa. A ta biyu, ƙwayoyin sankara sun cika wurin amma ba su tsaya ba, suna ta hawa kan juna. Babban zanen da ya tare ku a bakin ƙofa daga wannan safiyar ya fito. Na gode, Yaya.

Ɗalibin da ya riƙa shiga da ni ɗakin duhu, kai ma na gode. Shi ya nuna mini ƙwayoyin da aka sa wa furotin mai koren haske, wanda aka samo daga wata halittar teku, aikin da ya kai masana uku ga kyautar Nobel a 2008. Mukan bar na'ura tana ɗaukar hoto har gari ya waye, da safe mu kalli kromosom 46, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, suna jeruwa a tsakiyar ƙwayar, kowanne ya tsage biyu, ana jan rabi nan rabi can. A wasu ƙwayoyin sankara sai ka ga ana jan su gefe uku.

Abin yana da kyau a ido, kuma kyawun nan ya hana ni barci. Ta yaya zan ƙawata abin da ke raba uwa da 'ya'yanta? Likitan da ke duba tsoka ne ya warware mini. Ya miƙo mini wani siririn gilashi mai launin shuɗi-shuɗi da ruwan hoda, ya ce in tuna akwai mai wannan tsoka, kuma yana can yana jiran sakamako da zuciya a hannu. Bayan wannan maganar ban sake zana ƙwaya ba tare da na sa alamar mutum a kusa da ita ba, ko hannu, ko inuwa, ko gefen fuska.

Wannan ya kawo ni ga waɗanda suka fi kowa cancantar godiya, marasa lafiyar da suka sa hannu a takarda suka yarda a yi bincike da abin da aka yanke daga jikinsu. Ba haka abin yake a da ba. A 1951 an ɗebi tsokar Henrietta Lacks a Baltimore ta Amurka ba tare da an tambaye ta ba. Sankarar bakin mahaifa ta yi ajalinta a shekarar tana da shekara 31, ƙwayoyinta da ake kira HeLa kuwa suna nan suna rabuwa a ɗakunan bincike na duniya har gobe. Ku an tambaye ku, kuna cikin ciwo da fargaba, kuka ce to, don wani da ba ku sani ba ya amfana. Ban san sunan kowa a cikinku ba, haka kuma ya kamata, amma duk abin da na rataya a bango naku ne.

Akwai masu ganin ɓata lokaci ne a ajiye mai zane a cikin masana. Da sun ga wata mata da ke kan magani ta tsaya gaban zanen kwalaben nan biyu, ta kira ɗalibin nan tana yi masa tambayoyin da ta ce ta kasa yi a asibiti, da sun canza magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 20 ne suka kamu da sankara a 2022. Da yawansu suna tsoron ko ambatar sunanta.

Na gode wa waɗanda suka ɗauki nauyin shirin, da masu rataya hotuna, da iyalina da suka yi haƙuri da dawowata cikin dare, da ku duka da kuka zo. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba masu jinya lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.