Ƙafar motata da yadda muka kwashe da kamfani

Ni dai abin da ya fara damuna ƙara ce, wata 'yar ƙwas-ƙwas daga gefen dama na gaba, duk sanda na hau bampin hanyar Samaru a nan Zariya ko na sauko daga gadar Kwangila na faɗa gargada sai na ji ta. Motar sabuwa ce dal, a 2021 muka karɓa ta hannun kofaretib ɗin wurin aikinmu, ana yankar kuɗin a albashi duk wata, kuma ko wata bakwai bata yi a hannuna ba.

Kuskurena na farko shi ne ban koma wajen kamfani ba. Na ga wakilinsu yana Abuja, nace ina ni ina kona mai har can saboda 'yar ƙara, sai na shiga wani gareji a Sabon Gari aka canza min linkejin stabilaiza, ɗan ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da sandar da ke rage mata karkacewa a kwana, na biya na tafi, ba rasit, tsohon ƙarfen ma a nan na bar shi yaran gareji suka haɗa da gwangwan. Wannan abin ya zo ya cije ni daga baya, don da na je Abuja abin da suka fara dubawa kenan, suka ce ai wani hannu ya taɓa motar.

Bayan kamar wata biyu ƙarar ta dawo, wannan karon har da tangaɗi, in na taka burki sai kan motar ya duƙa sosai. Da na leƙa bayan taya sai naga shokazoba ta jiƙe da mai, ƙura ta manne mata baƙi ƙirin. Ga wanda bai sani ba, cikinta mai ne da fistin, aikinta ta hana sifirin ya yi ta lilo da mota, to in robar bakinta ta saki man ya tsiyaye shikenan ta mutu. Ka danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki, mai lafiya sau ɗaya zata ɗago ta tsaya, tawa kuwa sai da tayi rawa sau uku. Na ɗauki hutun kwana biyu na tafi Abuja. Manajan wurin mutum ne mai fara'a, amma maganarsa ɗaya ce, "Yallaɓai, hanyoyinku ne ba kyau, kuma irin waɗannan kayan masu cinyewa ne, garanti bai cika ɗaukarsu ba." Da ƙyar suka canza shokazoba ɗaya da bushin ɗin lowa am, wato robar da ke jikin ƙarfen da ke riƙe taya ta ƙasa, alhali duk bakaniken kirki zai gaya maka biyu ake canzawa tare, dama da hagu, in ba haka ba ɗaya na da ƙarfi ɗaya ta gaji.

Wata huɗu, bushin ɗin da suka sa ya sake yagewa. Wallahi ranar raina ya ɓaci ƙwarai, bashin motar ko rabi ban biya ba, tayoyin gaba sun cinye ta ciki, kuma da ita nake kai mahaifiyata asibitin Shika duk wata.

Wani dattijon bakanike a Tudun Wada shi ya buɗe min ido. Ya sa aka hau da motar kan rami, ya kira ni na sauka, ya haska min da tocilan ya ce, "Ɗana dubi nan, wannan robar ba rami ne ya fasa ta ba, murɗewa tayi." Da gaske yagewar a karkace take, kamar an matse wanki. Ya ce in an ɗaure notin bushin tamau motar tana rataye a sama tayoyi na reto, to da an sauke ta nauyi ya hau sai robar ta zauna a murɗe, kullum a wahale take, ba zata daɗe ba. Ƙa'ida sai nauyin mota yana kan ƙafarta ake ɗaurin ƙarshe, sannan ayi alaimen, wato saita tayoyi. Ni kuwa da idona naga yadda suka yi a Abuja, a sama suka gama komai suka sauke.

Da nake ba wani abokin aiki labari a wurin fakin sai ya ce shi ma tasa haka take. Muka bi sunayen waɗanda suka karɓi irin motar a zubinmu, mu 14 ne, 9 duk ciwo ɗaya, kuma kowa an gaya masa hanyar unguwarsu ce ko tuƙinsa, kowa ya koma gida yana zargin kansa. Muka haɗu bayan La'asar a zauren ɗayanmu. A cikinmu akwai wata Hajiya da daga Hanwa zuwa ofis kawai take zuwa, kwalta zalla, motarta bata kai kilomita dubu 12 ba, ita ma shokazobarta na yoyo. Ban ce hanyoyinmu ba su da laifi ba, duk wanda ya bi Kaduna zuwa Zariya lokacin da ake aikin titin nan ya san abin da ƙafar mota ta gani, amma wanda ya kawo mota ya sayar a ƙasar nan ya san hanyar da zata hau.

Takarda ɗaya muka rubuta, kowa da lambar shasinsa cikakkiya, haruffa da lambobi 17 ɗin nan, da ranar karɓa, da kilomitan da matsalar ta fara, da hoton man da ke tsiyaya, da bidiyon ƙarar. Ba zagi ba barazana. Mutum biyu suka kai hannu da hannu suka tsaya sai da aka buga hatimi a kwafinmu, don saƙonnin waya da muka yi ta turawa a baya ko amsa ba a yi. A ƙasan takardar muka nuna mun aika kwafi ga FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, wadda ta gaji tsohuwar CPC a 2019, da yawanmu ma sai ranar suka fara jin sunanta.

Sati biyar shiru, sannan aka kira mu ɗaya bayan ɗaya. Sun canza shokazoba biyu da lowa am biyu ga mu taran kyauta, amma har yau ba su rubuta cewa laifin kayansu ne ba, "kyautatawa" suka kira shi. Kuɗin linkej da na tayoyi biyu da na saya ban samu ko sisi ba saboda rashin rasit, Hajiya kuwa da ta adana komai a fayil har kuɗin alaimen aka mayar mata.

Ranar da aka yi nawa gyaran ban zauna a ɗakin jira ba, na tsaya kan makanikin nace dan Allah Oga a sauke ta kan ƙafarta kafin ɗaurin ƙarshe, ya kalle ni jim, sannan ya yi yadda nace. Na kuma roƙi a ba ni tsofaffin bushin ɗin, suna nan cikin leda a sito na rubuta kwanan wata a jiki. Yanzu wata goma sha ɗaya kenan ba ƙara, amma duk Asabar in ana wanke ta sai na durƙusa na shafa bayan taya na duba yatsana ko akwai mai.