Shekarar da Dilan Motoci Ya Lashe Gasar Duniya

Sana'ata sayar da motoci ce a kasuwar Berger da ke Apapa a nan Legas, kuma yawancin abin da ke wucewa ta hannuna motocin tokumbo ne, irin su Camry da Corolla da Lexus, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tin Can kafin wasu daga cikinsu su kama hanyar Arewa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ya zamana a cikin dukkan nau'o'in tseren motoci, wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne na motocin da ake ƙerawa daga samfurin da ake sayar wa jama'a, waɗanda ake kira GT. Motar Formula 1 ba ta yi kama da komai da na taɓa buɗe bonet ɗinsa ba, amma Porsche 911 ko Corvette suna da ƙofa da rufi da fitilu, kuma mai kuɗi zai iya sayen 'yar'uwarsu ya hau titin Lekki da ita. Kakar da nake so in yi magana a kanta ita ce ta 2023 a Gasar Juriya ta Duniya, wadda aka fi sani da WEC, inda ake shafe sa'o'i ana tsere, direbobi suna karɓa-karɓar mota ɗaya, domin ita ce shekara ta ƙarshe ta ajin da ake kira GTE Am, wato rukunin motocin GT da ke haɗa ƙwararru da waɗanda tsere ba sana'arsu ba ce, kuma a cikin direbobi ukun da suka lashe ta akwai dilan motoci kamata.

Sunansa Ben Keating, mutumin jihar Teksas ta Amurka, mai tarin wuraren sayar da motoci, wanda a lokacin ya riga ya haura shekara 50. Dalilin da ya sa irinsa ke da gurbi a gasar duniya yana cikin dokar ajin. Hukumar FIA, mai kula da tseren motoci a duniya, tana rarraba direbobi zuwa matakai huɗu, wato filatinam da zinariya da azurfa da tagulla, kuma matakin tagulla na mutanen da tsere ba shi ne sana'arsu ba, galibi attajirai da suka shigo harkar da girma. A lokacin dole ne kowace mota a GTE Am ta ɗauki aƙalla direban tagulla ɗaya, kuma dole ne ya yi wani adadin lokaci a kan sitiyari da ba za a rage masa ba. Ƙwararrun direbobin da kamfanoni ke biya kusan gudunsu ɗaya ne, bambancinsu a zagaye bai wuce ƙiftawar ido ba, amma tsakanin wani attajiri da wani ana iya samun tazarar daƙiƙoƙi a kowane zagaye, kuma idan aka tara wannan a tsawon sa'o'i sai ta zama zagaye guda ko fiye. A ganina, a nan ne ake cin wannan gasa ko a faɗi, wato a hannun mutumin da ya fi kowa rashin sauri a cikin motar. Keating kuwa yana cikin waɗanda suka fi kowa gudu a wannan mataki, domin ko a 2022 yana cikin waɗanda suka lashe ajin da motar Aston Martin.

A 2023 sai ya koma Corvette C8.R mai lamba 33, ruwan ɗorawa, tare da Nicky Catsburg ɗan ƙasar Holan da wani matashi ɗan Ajantina mai suna Nico Varrone. Tsere bakwai aka yi a kakar, kuma sun fara da nasara a Sebring ta Amurka a watan Maris, suka sake cin na Portimão a Fotugal a watan Afrilu, inda Catsburg ya tsare wata Ferrari a bayansa har ƙarshe da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. A Spa ta ƙasar Beljiyam, ƙasar da muka ara sunanta muka laƙaba wa motoci da kayan gyara na hannu, sun zo na biyu a bayan Ferrari 488, kuma a cikin direbobinta akwai Lilou Wadoux 'yar Faransa, wadda ta zama mace ta farko da ta ci tsere a tarihin WEC.

Kafin in zo kan tseren Le Mans na ƙasar Faransa, ya kamata in faɗi gaskiya game da maganar cewa motocin nan irin na titi ne, domin rabinta talla ce. Siffar jiki da asalin inji suna da alaƙa da motar da ake sayarwa, misali injin Corvette ɗin mai silinda takwas da lita 5.5 ɗan'uwan wanda aka saka a Corvette Z06 ta kasuwa ne. Amma Porsche 911 ta titi injinta a can baya yake, bayan tayoyin baya, alhali a 911 RSR ta tsere an matso da shi gaba zuwa tsakiya, wanda duk bakaniken da ya san aikinsa zai ce wannan wata mota ce daban sanye da rigar waccan. Ban da haka akwai tsarin daidaita ƙarfi, inda masu shirya gasa ke ƙara wa wata mota nauyi ko su rage wa injinta numfashi domin kada samfuri ɗaya ya mamaye sauran, sannan a GTE Am a lokacin duk motar da ke yawan yin nasara sai a ƙara mata kilo-kilo na nauyi a tsere na gaba. Na daɗe ina ganin wannan tamkar hukunta wanda ya yi ƙoƙari ne, amma daga baya na yarda cewa in ba don haka ba, ba za a ga Ferrari da Porsche da Aston Martin da Corvette suna bin juna kamar danfo a Oshodi bayan awa biyar ana gudu ba.

Tseren Le Mans na awa 24 ya faɗo ranakun 10 da 11 ga watan Yuni, shekara ɗari cif bayan na farko da aka yi a 1923. An tashi da ƙarfe huɗu na yamma agogon Faransa, wato ƙarfe uku a wurinmu, kuma zagaye ɗaya ya ɗan haura kilomita 13 da rabi, ya fi gadar Third Mainland tsawo da kusan kilomita biyu. Na kalle shi a gida a Agege tare da bakaniken da ke duba mini motoci, wani dattijo mutumin Zariya da ya shekara da shekaru yana zirga-zirga a kasuwar Ladipo. Makonni biyu ke nan da cire tallafin fetur, don haka da aka ɗauke wuta ba mu tayar da janareto ba, sai muka jingina waya da filas ɗin shayi muka ci gaba da kallo.

Keating da kansa ne ya samo wa motar gurbin farko a wurin tashi, amma ba a yi nisa ba sai aka tura ta cikin gareji saboda shok ɗin gaba ya lalace, wato ƙarfen da ke shanye gargada, kuma kafin a sauya shi an wuce su da zagaye biyu. Na ce wa dattijon, "Malam, an gama da waɗannan." Bai ɗago kansa daga wayar ba ya ce, "Alhaji, ka dubi hannun yaran nan, babu wanda ya nemi sifana, kowa ya san inda tasa take. Aikin da zan yi maka a wuni guda suka yi kafin shayinka ya huce." Daga nan aka shiga ruwan sama da haɗurra, motoci da yawa na ajin suka fita, su kuwa suka yi ta cin tazarar kaɗan-kaɗan cikin dare ba tare da kuskure ba. Da muka dawo daga sallar asuba sun riga sun shiga sahun gaba, kuma da ƙarfe uku na ranar Lahadi su ne suka ci ajin, Aston Martin ɗin da Ahmad Al Harthy ɗan ƙasar Oman ke ciki ta zo ta biyu. Duniya ta fi maganar Ferrari, wadda ta ci babban aji karo na farko tun 1965, amma ni hankalina na kan Keating, domin na tuna cewa a 2019 ya riga kowa ƙetare layi a wannan aji da Ford GT, sannan aka ƙwace nasarar saboda tankin mansa ya zarce ƙa'ida da abin da bai kai lita ɗaya ba.

Da yake makin Le Mans ninki biyu ne na tseren awa shida, zuwa na huɗu kawai da suka yi a Monza ta Italiya a watan Yuli ya ishe su lashe kambun, saura tsere biyu a kammala. Na Fuji a Japan Ferrari ce ta ci.

Na ƙarshe, wanda aka yi a Baharen a watan Nuwamba na tsawon awa takwas, shi ne ya fi taɓa ni bayan Le Mans. Ƙungiyar Iron Dames, wadda direbobinta uku duk mata ne, Sarah Bovy da Michelle Gatting da Rahel Frey, ta daɗe tana kusantar nasara tana kuɓuce mata, har a Le Mans sun jagoranci ajin kafin sauya birki a kusa da ƙarshe ya mayar da su na huɗu. A Baharen Porsche ɗinsu mai ruwan hoda ce ta ci, karo na farko da mata zalla suka yi haka a gasar, kuma a tsere na ƙarshe da motocin GTE suka yi. Direbar tagullarsu, Bovy, tana cikin ƙalilan da suka riƙa gogayya da Keating wajen neman gurbin farko a kakar.

Daga 2024 aka maye gurbin ajin da motocin GT3, waɗanda suka fi arha kuma suna da na'urar hana birki kullewa, abin da GTE ba ta da shi, kuma wannan sauƙi ne babba ga direban tagulla. Kamfanoni tara suka shigo a shekarar farko, ciki har da BMW da Ford da McLaren da Lamborghini da kuma Lexus. Ranar da na nuna wa dattijon hoton Lexus RC F ta tsere, sai ya ƙura mata ido, ya waiwaya ya dubi RX 350 guda biyu da ke ajiye a filina, sannan ya tambaye ni ko fitilun bayanta za su shiga wata motar da ke garejinsa.