Kafin a sayi fenti: gyaran da gida ba ya zaunuwa sai da shi

Gida kan rasa tayil, ya rasa fenti, kuma a zauna cikinsa lafiya lau. Wanda ba ya zaunuwa shi ne gidan da ruwa ke shiga inda bai kamata ba, ko wutar lantarki ke jan mutane, ko hayaƙi ya rasa mafita. Idan kuɗin gyara ba zai kai ko'ina ba, a nan ake fara zuba shi, ko mai gida ne ke ciki ko ɗan haya.

Ruwa ne ke cin yawancin gidaje, kuma a hankali yake ci. Tabon da aka gani a silin ba lallai ne a saitinsa hudar take ba, domin ruwa kan bi katako ya gangara mita ɗaya ko biyu kafin ya ɗigo. A leƙa cikin silin da rana tsaka, hasken da ke ratsowa zai nuna wurin. Sau da yawa laifin ƙusa ne: robar da ke ƙarƙashin kanta ta bushe ta tsage, ko kafinta ya buga ta a kwarin kwano, hanyar ruwa, maimakon tudunsa. Sai mahaɗar kwano da bango, da inda kwano ya hau ɗan'uwansa bai kai santimita 15 ba, iska na tura ruwa ta ƙarƙashi. Shafa kwalta na ɗan lokaci ne, rana na gasa ta za ta buɗe. A sauya ƙusar, a kuma tsira sukudireba a katakon da ya jiƙe. Idan ta nutse cikin sauƙi, ya ruɓe ko gara ta gama da shi, ba ya riƙe ƙusa kuma.

A ƙasa ma haka. Indararon da ke zuba a gindin bango yana jiƙa harsashin gini ne kullum. Ƙasar da ke kewaye da gida ta gangara waje, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Alamar danshi mai tasowa daga ƙasa ba ta ɓuya: filasta na kumbura tana zuba daga daɓe zuwa kusan mita ɗaya, ga wani farin gishiri a jikin bango, ga warin fumfuna da ke tayar wa masu asma da ciwonsu. Mutane kan garzaya su shafa fenti mai ƙyalli, wanda hakan ƙara kulle danshin yake yi a ciki. Sai an tare ruwan, an kankare filastar da ta mutu, bango ya sha iska ya bushe sosai, sannan a yi maganar fenti.

Tsagewar bango ba duka ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi, wadda ta tsaya a filasta, bushewar siminti ce kawai. Wadda za a sa wa ido ita ce mai tasowa a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo hawa-hawa, musamman idan ƙofar ta fara cijewa. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata a gefe, a dawo bayan wata guda. In ta wuce layin, ko faɗinta ya haura milimita 5, aikin ya fi ƙarfin magini da cokalinsa, injiniya ake nema. Haka idan kankaren sama ya ɓantare har rodi ya bayyana da tsatsa. Ƙarfe mai tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren daga ciki, kuma kada kowa ya kwana a ƙarƙashinsa sai an duba.

Wutar lantarki kuwa ba ta ba da wa'adi. Wayar fitilu kan zama mai kaurin murabba'in milimita 1.5, ta soket 2.5, na'urar dumama ruwa da murhun lantarki kuma kowanne da layinsa mai kauri fiye da haka. Bureka wayar take karewa, don haka idan tana yawan faɗuwa, sauya ta da babba ganganci ne: wayar za ta yi zafi cikin bango ba abin da zai katse ta. Soket da ya yi baƙi, ko yake ɗumi, ko ake jin ƙauri kusa da shi, a kashe layinsa nan take. Kowane gida na buƙatar wayar da ke sauke wuta zuwa ƙasa, da na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum. Tana da maɓallin gwaji. A riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni, in ba ta faɗi ba a sauya ta.

Janareta ba ya zama a ɗaki, ko baranda, ko gareji, ko da ƙofa a buɗe take. A kai shi waje, aƙalla mita 6 daga tagogi, domin iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ko launi. Gawayi mai ci a rufaffen ɗaki ma ita yake fitarwa. Tiyon gas kuma da kumfar sabulu ake gwada shi, ba da ashana ba. Inda kumfa ta tashi, nan yake yoyo.

Warin masai a banɗaki galibi daga lanƙwasar bututun da ke ƙarƙashin magudana ne, ruwan da ke tare iska ya ƙafe, zuba ruwa kawai ya isa. Sokawe kada ya matso rijiya ƙasa da mita 15, mita 30 ta fi kwanciyar hankali.

Ƙarfen da ke tare gefen bene ya kai kusan mita ɗaya a tsayi, tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 10, don kan yaro ba zai shige ba. Ƙarafan taga kuwa, a kowane ɗakin kwana a samu guda ɗaya da ke buɗuwa daga ciki, makullinsa rataye kusa da shi inda kowa a ɗakin zai lalubo cikin duhu.